Yadda Na Kai Bauranya Ƙasar Chadi

Kankiya

Ana sallame sallar asuba na nufi tasha, zan je ƙauye ba da haƙuri. Wani wasan intanet ne ya ja mini: a nuno maka hoton gari daga sama, ka canki inda yake a duniya. Ni kuwa gwani ne, ba yabon kai ba. Shekaranjiya aka nuno mini 'yan gidajen ƙasa da gonaki, na ce Chadi ce, ko tantama babu. Amsa ta fito: Bauranya, mahaifar babana! Ƙanena, da bakinsa ba ya shiru, ya baza wa dangi. Kafin magariba Gwaggo Hajara, yayar babana, ta aiko cewa tunda na kai su Chadi, kada in ƙara taka mata gida. Matar da ta goye ni fa! Wallahi abin ya dame ni.

A shingen hanya jami'in tsaro ya leƙo ya ce, "Ina zuwa?"

Direba ya ce, "Mu dai Kusada, wanga kuwa Chadi za shi."

Ashe har tasha labarin ya kai. Fasinja suka kwashe da dariya, ni kuwa na yi barcin ƙarya.

Kusada

Da hantsi muka sauka. Na sha koko da ƙosai a tsaye, na hau acaɓa. Muka kutsa tsakanin gero da gyaɗa, ina riƙe da waya ina cewa yi dama, yi hagu. Ɗan acaɓar ya gaji ya ce, "Malam, ta ƙasa za mu bi, ba ta sama ba." Na mayar da waya aljihu.

Bauranya

Na tarar da Gwaggo tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, ko kallona ba ta yi ba.

"Baƙon Chadi, an sha hanya. Mi aka zo nema?"

Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri. Daga sama kowane gari kama yake da ɗan'uwansa. Duba ki gani." Na buɗe hoton na ƙara masa girma. "Ga ɗakinki, ga rumbu, ga turken awaki."

Ta dangwala yatsa. "Wanga ɗan zagayen fa?"

"Makewayi ne."

"Makewayina? Da ba shi da rufi? Wa ya hau sama ya ɗauka?"

"Wata na'ura ce a sararin samaniya."

"Ta yi sallama? Su wa ke kallo?"

"Duk duniya, Gwaggo."

Ta saki salati, har maƙwabta suka shigo a guje. Kowace ta leƙa waya ta gano nata makewayin, gida ya kaure da sallallami. Na ce yau kashina ya bushe.

Can Gwaggo ta dube ni. "Sagiru, da aka tambaye ka, ina ka ce?"

"Chadi."

"Allah Ya yi maka albarka, ɗana. Ashe asirina ka rufa!"

Ta dama mini fura da nonon da Fulani suka kawo da safe. Sauran yinin kuwa na ƙare shi ina ɗora zana a kan makewayi, mata na layi kowace na jiran in zo nata.

Gida

Bayan magariba na iso Kankiya, hannuwana duk sartse. Na gode wa Allah da Ya kai ni lafiya, Ya kuma maido ni da albarkar Gwaggo. Ku kuma abokan wasa, ta ba ni saƙo: duk wanda aka nuno wa wannan hoton, don girman Allah ya ce Chadi ce.