Motar Arvid Da Ba A Taɓa Lulluɓewa Ba

Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, da hantsi, Allah ya karɓi ran maƙwabcina Arvid Tollefsrud yana da shekara tamanin da ɗaya. Matarsa Verna ce ta kira ni. Ta ce ya dawo daga duba akwatin wasiƙu, ya zauna a bencin bakin ƙofa don ya cire takalmi, ya cire ɗaya, bai kai ga ɗayan ba. Na ajiye wayar na daɗe tsaye a tagar kicin. Daga nan ana hango gonarsa, mil ɗaya da rabi, ba tudu ba bishiya a tsakani, kamar yadda ƙasarmu ta Dakota ta Arewa take ko'ina. Can a kwanar hanya kuma ga motarsa ta tafi-da-gidanka tana tsaye, fara mai zanen ruwan goro a ciki, inda ta saba tsayuwa.

Arvid, ka iya zaɓen mako. Ka tafi daidai makon da duk mai irin wannan mota a yankinmu yake zuke ruwan bututunta, ya ciro tamfol ya lulluɓe ta kafin ƙanƙara ta sauko. Shekara ashirin da uku ni da kai muna musu a kan wannan tamfol, ka tafi ka bar mu da motar a buɗe, hunturu na bakin ƙofa, dole wani ya yanke hukunci a madadinka.

Shekara ɗaya muka saye su, tawa da taka, bayan girbin alkamar da ya yi kyau. Kowacce da gado, da ɗan kicin, da makewayi. Ni da kaka ta zo na wanke tawa, na shafa mata mai, na kai ta bayan rumbu, na sa mata riga tun daga rufi har tayoyi. Kai kuwa ka ja taka can kwanar hanya, rabin mil daga gidanka, inda iska ta fi bugawa, ka juya ƙofarta wajen titi, ka bar ta tsirara.

A shagon kofi na Lorraine muke baje wannan magana kowace Asabar, har mutanen garinmu Ulvik suka haddace ta. Nakan ce maka rana na fasa rufi, ƙanƙara ta narke ta bi tsagar, ta sake daskarewa ta buɗa ta. Kai kuma ka kurɓi kofi ka ce tamfol yana tara laima a ƙarƙashinsa har fumfuna ta cinye katifa, iskarmu kuma ta yi ta kaɗa shi yana goge fenti.

"Orrin," ka ce da ni wata rana, "ɓerayen gundumar nan sun aiko ni in gode maka. Sun ce ba su taɓa samun masauki mai labule irin naka ba."

Na ce, "Tsoho, gara ɓera da tafki. Na ji an ce Verna na shirin zuba kifi a kan gadonku."

Lorraine ta ce, "Ku biyun nan, in kun gama auren motocin ku matsa, akwai masu jiran kujera."

Gaskiya kuwa kowannenmu yana da tasa. Na sha samun sheƙar ɓera a tawa, ka sha hawa tsani da bazara kana liƙe yoyo. Amma shekaru sun goyi bayana. Tawa har gobe tana sheƙi, taka ta koɗe, rufinta ya yi laushi, shekara shida ke nan ba ta iya doguwar tafiya. Na san kuma ka yi wa Verna alkawarin kai ta gaɓar teku a Oregon cikin motar nan, ita da ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin Sakakawea ba. Wannan ne ya fi ba ni haushi. Na taɓa ce maka taurin kanka ya cinye wa baiwar Allah tekunta. Ranar ka dai juya kofinka a kan tebur. Da ka cika saba'in da biyar na sayo maka tamfol mai kyau, mai barin iska ta ratsa, mai zif a wajen ƙofa, don in toshe maka kowace hujja. Ka yi godiya sosai, ka kai shi rumbu, yana nan a ledarsa.

Abin da nake gani ina dariya shi ne, kowace kaka kana sabunta zanen nan na ruwan goro. Rufi na yoyo, kai kana kwalliya. In kuma ƙanƙara ta sauka, kafin ka share ƙofar gidanka sai ka hau tarakta ka je ka share ƙofar motar, ka ja ta kan rufin da manjagara mai doguwar ƙota. Na ɗauka duk cikin musun ne, kana wahala don kada ka ce Orrin ya yi gaskiya.

Ba wannan kaɗai ne halinka ba, kowa ya sani. Kai ka girbe wa maƙwabcinmu Ellingson gonarsa shekarar da ya karye, ka bar taka ruwa ya taɓa. Shekara talatin kai ke kunna wutar ɗumama coci tun kafin kowa ya iso, ba ka taɓa yarda a ambaci sunanka a sanarwa ba. Da matata Ardis ta rasu shekara uku da suka wuce, kullum da rana sai ka zo ka zauna a kicin ɗina, ba ka cewa komai, ka sha kofi ka tafi, har tsawon wata biyu. Waɗannan na san su, su na yi niyyar faɗa ranar jana'iza.

Ranar Asabar aka yi ta. Bayan an dawo daga maƙabarta muka sauka ɗakin ƙasa na coci, mata sun jera lefse, wato gurasar dankali, da naman alade da kofi. Cocinmu ba ya cika ko a Kirsimeti, amma ranar har tsaye aka yi, kuma akwai fuskokin da ban sani ba. Wata mata mai furfura ta zo ta riƙe hannun Verna. Ta ce sunanta Delphine Gourneau, ma'aikaciyar jinya ce daga Belcourt.

Ta ce, "Ba ki san ni ba, Uwargida, amma na yini biyu a gadonki."

Verna ta ce, "Na san ki. Ke ce kika wanke kofuna kafin ki tafi. Sauran ba sa wankewa."

Delphine ta ba da labari, ni ina tsaye da faranti a hannu. Wani Janairu, da azahar, guguwar ƙanƙara ta rufe ta a hanyarmu, motarta ta zame cikin rami ta mutu. Ba ta ganin ko hannunta. Sanyi ya fara sa ta jin barci, ta san abin da wannan ke nufi, aikinta ne. Da iska ta ɗan tsagaita sai ta hango wani layi ruwan goro a cikin farin, ta rarrafa ta nufe shi. Ta ce yatsunta sun riga sun mutu, da gwiwar hannu ta danna mariƙin ƙofar, ƙofar kuwa ta buɗe. A ciki ta tarar da barguna, da safa, da miyar gwangwani, da tukunyar gas cike, da takarda manne a bango. Har yau ta haddace ta: "Shigo. Ashana na cikin kofin shuɗi. In ka kunna wuta ka ɗan buɗe taga. Kada ka fita sai ka iya ganin turken waya na uku."

Bayanta wani direban motar shanu ya taso, ƙato, ya ce shi ma motar nan ta cece shi. Sai wasu mata da miji daga Manitoba.

Na juya wajen Lorraine na ce, "Kin san da wannan?"

Ta ce, "Orrin, rabin gari sun sani. Wasu sun ɗauka ka sani, sauran kuma ba sa so a ɓata musu Asabar."

Arvid, abin da ya fi ba ni kunya shi ne ina cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar yayanka Halvor. Muna samari lokacin, guguwar watan Maris ɗin nan da tsofaffi ba sa son tunawa. Kwana uku ana nemansa, kai ka same shi, a jingine da ƙofar wani rumbun hatsi da aka garƙame da kwaɗo, bai fi taku ɗari uku daga kwanar nan ba. Na san wannan sarai. Shekara ashirin da uku ina kallon mota a wurin da ƙofarta a buɗe, ban taɓa haɗa biyun ba, ina ta lissafin tsagar rufi.

Ranar Litinin Verna ta kira ni, ta ce in zo kwanar. Na tarar da ita da 'yarku Britta, wadda ta zo daga Fargo. Britta ta ɗauko tamfol ɗin nan nawa daga rumbu ta ajiye a bayan motarta. Ba ta yi laifi ba, maganarta daidai ce.

Ta ce, "Kawu Orrin, ka gaya wa Mama. Rufin nan ba zai ɗauki ƙanƙarar bana ba in babu mai share shi. Baba ya tafi. A rufe ta, da bazara a san yadda za a yi. Ai tamfol ɗin yana da zif."

Verna ta ce, "Babanki ya gwada zif ɗin a ranar da aka kawo shi. Ya sa hannunsa a ƙanƙara minti biyar, ya zo ya kasa kama shi. Kuma launinsa toka ne. A cikin guguwa wa zai bambanta shi da tudu?"

Na ce, "Verna, ki gafarce ni. Na taɓa ce masa ya cinye miki teku."

Ta ce, "Ya gaya mini. Teku yana nan inda yake, Orrin, ba ya jin sanyi. Shiga ka buɗe kabad na sama da murhu, kai na kira ka gani."

Na shiga. Warin laima, da bokiti a ƙarƙashin inda ke ɗiga, da barguna a ninke kamar jiya ka ninke su. Na buɗe kabad ɗin. A bayan murfinsa akwai fensir ɗaure da zare, da sunaye, kowanne da kwanan wata, hannu daban-daban. Goma sha bakwai na ƙirga. Na goma sha ɗaya ban buƙaci tabarau ba, don shekara hamsin da ɗaya ina karanta wannan rubutun a jikin kwalaben abincin da ake adanawa da katin Kirsimeti. "Ardis Bakkegard, Fabrairu 2014. Kada a gaya wa Orrin."

A watan nan ina kwance a asibiti a Minot, an yi mini aikin gwiwa. Na hana ta zuwa don an ce guguwa na tafe, ta zo duk da haka da miyar kaza a kwano. Washegari ta ce mini ta isa gida lafiya kafin ƙanƙara ta fara. Na samu ƙarin shekara takwas da ita, Arvid. A cikinsu muka aurar da jikarmu, muka je gandun dajin Yellowstone sau biyu a motata mai sheƙi. Duk Asabar ɗin waɗannan shekaru ina zaune gabanka ina yi maka ba'a da tafki da kifi, kana da kalma ɗaya da za ta rufe mini baki har abada, ba ka faɗe ta ba, don wata mata ta roƙe ka da fensir. Ni da ko ƙaramar nasara na samu a kanka sai Lorraine ta ji kafin rana ta faɗi. Ban san yadda mutum ke riƙe abu irin wannan ba.

Da na fito na ce da Britta ta ba ni manjagarar.

Ta ce, "Kawu, shekararka saba'in da tara, gwiwarka ta ƙarfe ce."

Na ce, "Ƙotar doguwa ce, daga ƙasa ake ja. In na gaza, Ellingson na da 'ya'ya uku da babanki ya ciyar shekara guda, lokaci ya yi da za su ji sanyi."

Ta dubi mahaifiyarta, ta dube ni, ta ce, "To tamfol ɗin fa?"

Verna ta ce, "Ku shigar da shi ciki. Yana da kauri, wani zai lulluɓa."

Haka aka yi. Yana nan a ninke a ƙarshen gado, kyautata ta samu aiki bayan shekara shida. Jiya kuma na tuɓe wa tawa riga, ɓeraye biyu suka fito suna hararata, na ja ta zuwa ɗaya kwanar, wajen gadar rafi, inda motoci suka fi zamewa. Na juya ƙofarta wajen titi. Na tarar da sauran fentinka a rumbu, rabin gwangwani, ya isa layi ɗaya. Layin bai miƙe kamar naka ba, amma ana hango shi.

Allah ya jiƙanka, Arvid. Allah ya gafarta maka kurakuranka, ya ba ka hutawa, ya sada ka da Halvor a inda babu sanyi. Yadda ba ka taɓa kulle ƙofar nan ba, Ubangiji ya sa ka tarar da tasa a buɗe. Ina miƙa ta'aziyyata ga Verna, da Britta da mijinta da 'ya'yansu, da jama'ar cocinmu na Ulvik, da mutum goma sha bakwai da iyalansu, waɗanda ni ma ashe ina cikinsu. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya sa mu iya riƙe abin da ka bari. In ka ga Ardis, ka ce mata an gaya wa Orrin.

Orrin Bakkegard
Ulvik, Dakota ta Arewa