Ɗiyar Fari da Kujerar Kwamitin Lekol

Shekara uku na yi ina shugaban kwamitin iyaye na lekol, wato makarantar boko, ta unguwarmu Zariya, can ƙarshen gari inda gidaje suke haɗuwa da gonaki, kuma har yau in wani ya kira ni Shugaba a hanya sai in ji gabana ya faɗi. Mutane suna ɗauka tawali'u ne. Ina ni ina tawali'u? Kunya ce, kuma ni na san inda na ɗebo ta.

Lekol ɗin ta gwamnati ce, firamare, wasu azuzuwan na siminti, uku na zana. Aikin kwamiti ba wani aikin a zo a gani ba ne. Bayan girbi a nemo karan gero a sake kafa azuzuwan zana, a gyara bencin da ya karye, a tabbatar akwai ruwa a randuna, a bi sawun yaron da ya daina zuwa. Duk shekara uku iyaye su taru su zaɓi sabon biro, wato shugabannin kwamiti. To amma shugaban kwamiti shi ke zama kusa da direkta, shugaban lekol ɗin, in baƙi sun zo daga ofishin ilimi, shi ake ba lasifika ranar rufe shekara. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, lasifikar nan nake so. Na yi koleji, ina da shagon kayan babur a bakin titi, ina jin Faransanci har ina gyara ma mutane, sai nake ganin ba a yi mani adalci ba da nake zaune kan tabarma cikin sauran iyaye.

Wanda ke kan kujerar wani mutumin Jiratawa ne, manomi, yana da fili a wurin noman rani can, amma gidansa na unguwarmu. Ya girme ni da ƴan shekaru. Bai yi boko ba ko na kwana ɗaya, kuma ba ya da yawan magana, in ka gaishe shi sai ya amsa yana kallon ƙasa. Sau biyu ana zaɓensa. Da amalankensa yake kwaso karan daga Jiratawa, shi ke hawa ya ɗaure rufin, kuma in yaro ya kwana uku bai zo lekol ba sai ka gan shi ƙofar gidansu ya yi sallama ya tsuguna, ba faɗa ba wa'azi, har uban ya ji nauyi. Duk wannan na sani. Amma a majalisa abin da nake cewa shi ne, ta yaya mutumin da ke dangwala yatsa a takarda zai shugabanci harkar ilimi?

Da zaɓe ya matso na shiga zagaye. Gidan suna, gidan gaisuwa, ba wanda ban leƙa ba. Kowa ya ce mani Allah ya ba da sa'a, ni kuwa ba yaro ba ne, na san bambancin "Allah ya ba da sa'a" da "muna tare". Zaɓen na sirri ne, kowane ɗan takara da launin takardarsa, mutum ya shiga aji shi kaɗai ya jefa cikin kwali. Mata sun fi maza zuwa irin wannan taro, kuma mata nasa ne kaf. Na auna na ga in aka kai ga kwalin nan zan sha ƙasa, sha mai ƙura.

Sai na je wurin direkta na ce ya nuna mani dokar zaɓe da rajistar iyaye. Sabon zuwa ne, matashi, tashin babban birni, mutum mai son a yi komai bisa takarda. Ya ba ni. Doka ta ce ɗan takara sai ya kasance uba ko mariƙin wani ɗalibi na lekol ɗin. Na bi rajista da yatsa tun daga aji ɗaya har aji shida, na sake bi. Babu sunan mutumin Jiratawa.

Na dawo gida ina ta washe baki, na gaya ma maiɗakina. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba ta ce ai yana da ɗiya a aji biyar, kowa ya sani. Ya daɗe bai samu haihuwa ba, da Allah ya kawo ta, ɗiyar fari, ana yaye ta ya miƙa ma wansa, kamar yadda ake yi a gidajen da suka riƙe al'ada. Gidan wan na jikin nasa. Wan ne ya yanko mata takardar haihuwa, shi ya sa ta lekol, sunansa ne a rajista. Shi kuwa uban bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa cewa ɗiyarsa ce gaban mutane ba, in ta shigo wuri sai ya sami abin da zai kalla a wani gefen. Alkunya ke nan irin ta mutanen da.

Na ce to ai shi ke nan, in ɗiyarsa ce sai ya faɗa.

A nan ta ajiye rariya ta dube ni. Ta ce, "Maigida, ka san ba zai faɗa ba. Don Allah kada ka taɓa wurin nan." Na ce mata harkar doka ce, ba harkar mata ba. Ba zan yi ma kaina ƙarya ba yanzu: na san ba zai faɗa ba, kuma saninsa ne ya sa na kwana da daɗi.

Ranar Asabar da hantsi aka taru ƙarƙashin dogon yaro na tsakar lekol, maza a gefe kan tabarmi da benci, mata a gefe. Wan nasa ba ya gari, ya yi tafiyar fatauci, wannan ma na bincika tun kafin ranar. Direkta ya karanta doka da Faransanci, wani mushe, cikin malaman lekol ɗin, ya mayar da Hausa. Aka ce ƴan takarar shugaba su tashi. Muka tashi mu biyu, ni da shadda mai guga, shi da rigar da ya fito gona da ita, ya dai wanke ta. Kafin a raba takardu na ɗaga hannu na ce ina da magana kan doka.

Na yi ta da ladabi, wannan ne ma ya fi ƙona mani rai in na tuna. Na yabe shi, na ce kowa ya shaida aikinsa, Allah ya saka. Sannan na ce amma doka gaba take da kowa, na duba rajista ban ga sunan Malam cikin iyaye ba, ina roƙon ya gaya ma taro wane ne ɗansa a wannan lekol.

Wata tsohuwa mai sayar da ƙosai a bakin ƙofar lekol, wadda jikokinta uku ke ciki, ta ce daga cikin mata, "Haba ɗan nan, ka ji tsoron Allah. Wa ye bai sani ba a nan?" Wasu maza suka ce gaskiya ne, a wuce wurin. Da na zauna a lokacin, da shi ke nan, da na faɗi zaɓe na koma shagona da mutuncina. Amma baki shi ke yanka wuya. Na ce Inna, ba a gina hukuma kan "kowa ya sani". Na ce ni ban ƙi ba, ba na neman takarda ma, ya faɗa da bakinsa kawai, in ya faɗa ni zan fara jefa mashi ƙuri'a.

Direkta, bawan Allah, bai san dawan garin ba. Ya ga kamar na kawo sauƙi. Ya juya ya ce, "To Malam, ai abu ne mai sauƙi. Kana da ɗa ko ɗiya a nan? Faɗi sunan, mu rubuta, mu ci gaba."

Ina tsaye kusa da shi, don haka na ga abin da sauran ba su gani ba. Ya buɗe baki. Wallahi ya gwada. Zufa ta tsattsafo mashi a goshi, yatsun ƙafarsa suna tona ƙasa cikin silifa. Yana son kujerar nan, ba don lasifika ba kamar ni, shi dai lekol ɗin ce ta shiga ransa, kuma yanzu na fahimci ita ce hanya ɗaya da yake da ita ta yi ma ɗiyar nan hidima ba tare da ya nuna ba. Can cikin mata na hangi matarsa, uwar yarinyar, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya rufe bakin. Aka jira, aka jira. Sannan ya ce a hankali, yana kallon ƙasa, "A ba shi. Allah ya taya shi riƙo."

Ya koma ya zauna kan tabarma. Bai tafi ba ma, ya tsaya har aka gama. Tunda ni kaɗai na rage, direkta ya ce doka ta ce duk da haka sai an jefa ƙuri'a. Fiye da rabin matan suka tashi suka kaɗe zane suka fice. Sauran suka jefa, aka ce na ci. Mutum biyu ko uku suka tafa, suka ji su kaɗai ne suka bari. Shi ya fara zuwa ya ba ni hannu, ya gaya mani inda igiyoyin ɗaurin zana suke ajiye.

Na dawo gida ina cika baki, ina cewa doka ta yi aiki. Maiɗakina ta kawo mani abinci ta ajiye ta koma ɗaki. A majalisa aka riƙa ce mani Shugaba da wata irin murya da na ƙi in fahimta. Na ce hassada ce. Kwana huɗu na yi ina gaya ma kaina haka, kuma na kusa yarda.

A na biyar na hau babur na tafi Tibiri gaida mahaifiyata, da niyyar in yi mata albishir. Ni ne ɗanta na fari. Wajen kakata na tashi, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. In tana son a kira ni sai ta ce a kira "wancan", da na girma na koma "mai shago". In na zo gaisuwa sai ta ba ni gefe, ta amsa a taƙaice, ta tambayi ƙannena ko na ci abinci alhali ga ni zaune. Ina yaro abin ya kan yi mani ciwo. Da na girma na gane ba wanda take ji da shi kamar ni, kuma wannan kau da kan shi ne rabona, ƙannena duka ba wanda ya samu irinsa.

Ashe labari ya riga ni, mata ƴan kasuwa sun kai mata shi da zafinsa. Na yi sallama, na tsuguna inda na saba, bakin rumfa. Ƙannena mata biyu suna nan, da wata maƙwabciya. Tana tsinkar zogale a faifai. Sai ta ture faifan, ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ni, ta zuba mani ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta kira sunana. Sunan yanka, cikakke, da ƙarfi, yadda ake kiran mai kabu-kabu a bakin tasha.

Maƙwabciyar ta ce subhanallahi a hankali. Ƙanwata ta sa hannu ta toshe baki. Ni kuwa na rasa yadda ake amsawa, shekara arba'in da wani abu ban taɓa koyon amsa wannan kiran ba.

Ta sake kira. Na ce na'am, muryata kamar ba tawa ba.

Ta ce, "Ka ji? Ga shi na faɗa da bakina, tunda an ce haka doka take so. Ya yi maka daɗi?"

Na sunkuyar da kai, na ji hawaye na ɗiga kan shaddata, ni da ƴaƴa biyar. Na ce ta yi haƙuri, na ce zan je in ajiye kujerar. Ta ce in na ajiye wa zai ɗauka, shi da na riga na tsayar gaban jama'a ya kasa cewa ɗiyarsa tasa ce? Ta ce in je in riƙe abina, in hau in ɗaure zana da hannuna kamar yadda yake yi, tunda na nema. Ta jawo faifanta ta ci gaba da tsinka.

Na riƙe ɗin, shekara uku, na koyi ɗaurin zana, ban sake tsayawa ba. Shi ma bai sake ba, yarinyar ta gama ta wuce koleji. Na sha ɗaura niyyar zuwa Jiratawa in same shi a gona, sau ɗaya har na kai bakin magudanar ruwa na hango shi sunkuye cikin albasa, na juya babur na dawo. Ban san da wane baki zan fara ba.

Mahaifiyata tana nan da ranta. Ta ce ta yafe mani, kuma na yarda ta yafe, tana sa mani albarka, tana aiko ma yarana ƙuli-ƙuli. Amma ba ta sake ba ni gefe ba. Duk ranar da na je Tibiri, tun daga zaure nake jin ta tana gaya ma jikoki su shimfiɗa tabarma, ta ambaci sunana tiryan-tiryan kamar na kowa. Ƙannena sun saba, har sun daina ɗagowa. Ni kan tsaya a zauren in daɗe ina gyara takalmi kafin in shiga.