Buhun Ƙarafan Yaya

Yayata ta yi shekara goma sha ɗaya tana koya wa mata tuƙi. Mace ce mai faɗa, in ɗaliba ta saki kulochi da ƙarfi sai ta sha faɗa har ta ji kamar ta buɗe ƙofa ta gudu, amma magidanta ita suke nema, don ba a taɓa jin ta kai matar wani asibiti ba. Da wannan sunan take ci, da shi ta yi mini kuɗin makaranta har na gama.

Motarta 'yar ƙarama ce marar but, irin wadda ake ɗaga bayanta gaba ɗaya, ta hannu ta saya. Ta iya tuƙi kamar me, amma in aka buɗe bonet ba ta san komai ba, kuma ko kusa ba ta son a gane. Motar kuwa kullum da abin da ke damunta. Masu koyo sukan ƙona kulochi sau biyu a shekara, kowane gyara ya lashe kuɗin ɗalibai biyu. Shoka ta yi ta ƙara, lagireto ya yi yoyo, wata rana kuma ta ƙi tashi sai an tura.

Duk wannan wurin Baba ake kaiwa. Bakanike ne, aminin mahaifinmu tun suna samari, shi ya riƙe mu a asibiti ranar da mahaifin namu ya cika. Yana da wata al'ada da Yaya take alfahari da ita: duk abin da ya canza, sai ya ƙulle tsohon a leda ya miƙa mata.

"Riƙe kayanki, 'yata," yakan ce. "Ni ba na aiki a ɓoye."

Ita kuma ba ta yarwa. A buhu take tarawa ƙarƙashin matakala, muna ta yi mata tsiya cewa ta kusa haɗa mota ta biyu.

Wata Talata da safe, mako biyu bayan Baba ya sa mata sabon takalmin birki, wata ɗaliba ta nufi katangar filin da suke koyo. Ta taka birki, motar ta ci gaba da tafiyarta. Kafin Yaya ta ja birkin hannu sun riga sun daki katangar. Matar ta fasa leɓe, haƙori ɗaya ya fita. Baba ya yi tafiya a ranar, don haka aka ja motar zuwa garejin da ya fi kusa, Yaya ta kira ni na same ta a can.

Mai garejin ya kwance taya ya zaro takalmin. Ya cinye, ya yi siriri kamar reza.

"Hajiya, wannan ya fi shekara biyu a jiki."

"Ƙarya ne! Tsohon yana gidana."

Ta tura ni na ɗauko buhun, da niyyar ta kunyata shi. Mutumin ya zazzage shi a ƙasa, ya tsuguna yana juya ƙarafan ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan na bas ne. Wannan na babbar mota. Wannan shokar ko da guduma ba za ta shiga motarki ba." Ya ware 'yan ƙalilan gefe. "Waɗannan dai naki ne."

Ashe Baba kulochi kawai yake canzawa, don in bai canza ba motar ba za ta motsa ba. Sauran sai ya wanke, ya ɗaure, ya shafa giris, ya tsinto wani tsohon ƙarfe a bayan gareji ya ƙulle mata a leda. Ni dai kunya ce ta kama ni, kamar ni na yi. Yaya ta tsuguna ta mayar da ƙarafan cikin buhun.

Da Baba ya dawo muka je wurinsa tare. Na zaci zai musa, ko ya sunkuyar da kai. Wallahi ko gezau.

"Haba 'yata, ai takalmin da sauran ƙarfinsa na gani. In ban samu a wurinki ba, a wurin wa zan samu?"

"Baba, da matan mutane nake yawo a cikinta."

"To ai ba wanda ya mutu."

Wannan maganar ta fi satar yi mini ciwo, kuma har yau ban yafe ta ba.

Mijin matar da ta ji ciwo bai kai ƙara ba, ya dai ba abokansa labari, wanda ya fi ƙara muni. Ɗalibai tara Yaya take da su a watan. Ranar da aka gama gyaran gaske ta wanke motar da kanta, ta isa filin tun ƙarfe bakwai, ni ma na raka ta. Har ƙarfe tara ta wuce mutum ɗaya ce ta zo, ita ma da mijinta. Ya gaishe da Yaya cikin mutunci, sannan ya miƙo hannu.

"Ba ni makullin, Malama, in fara gwadawa."

Ta ba shi. Ta tsaya a rana tana kallo yana zagaya filin, yana taka birki, yana sake takawa, kafin ya yarda matarsa ta shiga.