Gabdo Cikin Makara

Duk wanda ya yi wayo a Mubi kafin zuwan bidiyo ya san Gabdo, don ya sha ganin gawarsa. Sana'arsa ɗinkin kujerar babur, amma abin da ya fito da sunansa wani tsohon wasan barkwanci ne da ƙungiyarsu ke yi a filin makaranta: mahauci ya yi mutuwar ƙarya don ya ga wa zai yi masa kuka, sai iyalinsa suka hau kokawa kan wuƙaƙensa. Gabdo ne mahaucin. Ba ya cewa uffan. Babban yatsan ƙafarsa kawai zai motsa a ƙarƙashin farin yadi, fili ya kece da dariya.

'Yan ƙungiyar sun watse, wasu sun yi mutuwar gaske. Gabdo ya tsufa, ido ya rage, allura ta fara gagararsa. Ɗansa guda, Ishiyaku, ya tattara ya koma noma a Mugulbu, nan kusa, inda ɗan acaba ke kai mutum ya dawo kafin tuwo ya huce. Ba faɗa suka yi ba. Ishiyaku ya tsani a kira shi ɗan gawa, ya ɗauke ƙafa, har Sallah ba ya leƙowa. Abin yana cin Gabdo, bai taɓa faɗa wa kowa ba sai matarsa Rabi.

Sai ga Yazid, wani mai gyaran waya da ya naɗa wa kansa darakta, ya ce zai mai da wasan fim. Kayan aikinsa waya ce da fitilar caji. A dandali tabarma ake shimfiɗawa, kowa ya san wasa ne. Yazid ya ce fim ba ya son ƙarya, ya aro makarar gaske, ya toshe wa Gabdo hanci da auduga. Fim ɗin bai ma haɗu ba, wayar ta mutu da rabinsa a ciki. Hoto ɗaya ne ya tsira, wanda Yazid ya watsa don talla, bai rubuta komai a ƙasa ba.

Kafin la'asar gari ya ɗauka Gabdo ya rasu.

Rabi ta yafa mayafi za ta fita ta ƙaryata, ya riƙe mata hannu.

"Bari tukuna. Labarin zai kai Mugulbu."

"Malam, ka ji tsoron Allah. Mutuwa fa ba abin wasa ba ne."

"Sau ɗaya nake so in ji muryarsa a zauren nan, Rabi. Ko da kuka ne."

Dattijo da furfurarsa ya shige ƙuryar ɗaki ya ja labule. Maƙwabta suka shigo ta'aziyya, Rabi ta rasa bakin karɓa, ta raɗa musu gaskiya, suka fita suna tsaki. Shi kuwa duk ƙarar babur da ta tsaya a ƙofa sai ya miƙe zaune ya kasa kunne. Abin tausayi, abin haushi. Gari ya waye, rana ta sake faɗuwa, bai ci komai ba.

Washegari Tizhe ya yi sallama, ɗan acaban da ke jigilar hanyar Mugulbu. Ya tsaya a tsakar gida yana juya hula a hannu, yana magana da Rabi, Gabdo na ji ta bayan labule.

"Mama, na sami Ishiyaku a gona, yana feshi. Na nuna mishi hoton."

"Me ya ce?"

Tizhe ya amsa mata:

"Ya ce tun yana ƙarami aka kai shi kallo, ya ga babanshi cikin farin yadi, ya yi ta ihu, mutane duka suna mishi dariya. Ya ce kukan da zai mishi ke nan, ya riga ya yi. In gaske ne, wai ku binne, kar ku jira shi."