Fari Ne, Ƙarami, Da Tsaga A Tsakiya

A layin nan ba mai kiran mai kemis da sunansa. Sai-da-takarda suka laƙaba masa, shi kuwa ko a jikinsa. Shekara ashirin da bakwai ke nan yana bayan kanta ɗaya, tsakanin firjin allurai da wani sikeli da ya daina faɗin gaskiya tun tuni. Matarsa ma takan ce in kanta ya yi ciwo, sai ta ga likita kafin ta tunkari mijinta.

Sharri ake masa. Dokar aikinsu ta yarda ya ba mai daɗaɗɗiyar cuta maganin kwana uku ba takardar likita, muddin ya tabbatar da sunan maganin da ƙarfinsa. Ya ba mutane da yawa. Canki-canki da ran mutum ne dai bai taɓa yi ba.

Wata Asabar da hantsi matar telan da shagonsa ke kallon kemis ɗin ta shigo a firgice. Mijinta na da farfaɗiya, daga wani asibiti mai nisa suke karɓo magani, kuma tun jiya ya ƙare.

"Kawo kwalin in gani," in ji shi.

Ta ajiye wata 'yar roba mai gida bakwai, kowane gida da sunan rana. Shi ya sayar mata da ita wata uku da suka wuce, har yana yabon kayansa: a juye ƙwayoyin a ciki, ba mantuwa. Bai ce a ajiye kwali ba.

"Ai na zubar, Baba. Kai ka ce a juye."

"Maigidan bai san sunan ba?"

"Shi haɗiya kawai ya sani. Fari ne, ƙarami, da tsaga a tsakiya."

Ya kira asibitin sau biyar, ba a ɗauka ba. Ya jera mata iri huɗu a saman kantar, duk farare, duk da tsaga. Ta nuna na farko, ta janye yatsa, ta nuna na uku.

"Don Allah ka ba ni ko wanne ne. Ba wanda zai ji."

"Ba jin nake tsoro ba, 'yata. In na ba shi wanda ba nasa ba, ni na kayar da shi da hannuna."

Wasiƙa kaɗai ya iya rubuta mata zuwa sashen gaggawa na asibitin, tafiyar awa uku da mutumin da zai iya faɗuwa a mota. Ta karɓa ta fita, ta bar robar a saman kantar.

Bai taɓa jin takaicin kansa kamar na ranar ba. Litinin ta zo, Talata ta wuce, shagon tela na kulle. Ya sauko da sauran robobin da yake sayarwa, ya liƙa wa kowacce rubutun hannunsa: kada a zubar da kwali. Tata kuwa tana nan gefen sikeli, kuma duk lokacin da aka turo ƙofa sai ya ɗaga kai ya ga ko ita ce.