Ranar da Ba a Shiga Teku

Gari biyu gare mu a Lhok Seumira, na kan tudu inda muke kwana, da na ƙarƙashin ruwa inda aka haife mu. Tun ranar da teku ta hau kanmu ƙasar bakin gaɓa ta nutse, tsohon garin ya zauna can ƙasa, zurfin tsayin mutum biyu. In ruwa ya lafa rana ta take, ana hango daɓen masallaci, da bakunan rijiyoyi, da kututturan kwakwa a jere kamar haƙoran tsoho. Da aka gyara titin da ya taso daga birnin Banda Aceh sai baƙi suka fara gangarowa kallo. Mai kai su shi ne Darmawi.

Bang Wi ake ce masa, wato Yaya Wi. Shekararsa hamsin da takwas, dogo ne, ƙashi da fata, kullum da karan taba a bayan kunne wanda yakan manta ya kunna. Da masunci ne, kuma na kirki. Yana teku ranar da abin ya faru, shi ya sa yake raye. Matarsa Rosmani da 'ya'yansu uku suna gida. Ba a ga gawar ko ɗaya ba, hoto ko ɗaya bai tsira ba.

Da ƙungiyoyin agaji suka gina mana gidaje a tudu, an ba shi nasa, mai lamba arba'in da ɗaya. Ya kwana uku a ciki ya miƙa wa wani ɗan ƙaninsa mabuɗi, ya sauko bakin kogi inda ake ɗaure jirage, ya kafa bukkar katako. Nan yake har yau, nesa da gari tafiyar rabin awa. An yi masa maganar aure har an gaji. Bai taɓa cewa a'a ba. Yakan ce to, sai maganar ta mutu a nan.

Aikinsa ba wuya. Yana da jirgi mai inji, da bokiti wanda ya cire wa gindi ya liƙa gilashi. In ya kai baƙi saman tsohon gari sai ya kashe inji, ya tura bokitin cikin ruwa, su leƙa ɗaya bayan ɗaya. Yakan fara da masallaci, ya bi ta makaranta, ya ƙare a kan wani daɓe mai koren tayil. A nan yake ba da labarin.

"Ranar Lahadi ce, ƙarfe takwas na safe. Ina teku. Ruwa ya ɗaga jirgina sau uku ya ajiye, ban san komai ba. Da na dawo, babu gari. Wannan koren tayil gidana ne. Mutum huɗu na bari a kansa."

Daga nan sai ya yi shiru, don a nan baƙi suke kuka. Yakan jira su gama, ya miƙa musu ruwan sha, ya ja igiyar inji. Farkon da ya fara, shi ma ba ya iya kai ƙarshen maganar. Amma shekara goma sha ɗaya ke nan yana faɗinta, wani lokaci sau uku a yini, har ta yi sulɓi kamar matakalar masallaci. Ba ya ƙara kalma, ba ya ragewa. Ba ya jin komai kuma, shi ma ya san ba ya ji.

Wasu a gari suna cewa sayar da mamatansa yake yi. Masu faɗin haka su ne masu sayar wa baƙin nan riguna da busasshen kifi, don haka maganarsu ba ta dame ni ba. Wadda take da bakin magana ita ce Saribanun, yayar Rosmani, wadda yake kira Kak, wato Yaya, mai rumfar gahawa da taliya a bakin titi. Ita da Bang Wi ne kaɗai suka rage a duniya cikin waɗanda suka san Rosmani da kyau. A rumfarta yake cin abincin rana.

"Ga taliyarka nan, Wi, ta huce tun ɗazu. Yau mutum nawa ka sa kuka?"

"Biyar, Kak."

"Madalla. Saura kai." Ta goge tebur ɗin da babu komai a kansa. "Tambayar da na yi maka fa? Baƙin ɗigon nan na fuskar Ros, a kumatun dama yake ko na hagu? Ni wallahi ya ɓace mini. In na rufe ido sai in gan shi nan, sai in gan shi can."

"Zan tuna, Kak."

"Tun azumin bara kake zan tuna. Kai ka kwana da fuskar nan shekara goma sha huɗu, ba ni ba."

Sai ya sunkuya ya ci taliyarsa. Ba ƙin faɗa yake yi ba. In ya nemi fuskar a ransa, koren tayil yake gani ta cikin gilashin bokiti.

Muna da ranakun da ba a shiga teku. Juma'a, ranakun sallah, da kuma ashirin da shida ga Disamba, ranar ruwa. Ranar nan ko ƙugiya ba a jefawa. Gari kan taru a masallaci tun hantsi, a yi zikiri, a karanta Yasin, a dafa naman sa a manyan tukwane, a ciyar da marayu. Wanda ya keta, Pawang Leman sarkin ruwanmu ya ɗaure jirginsa kwana bakwai. Tun da aka kafa dokar ba a taɓa samun wanda ya keta ta a garinmu ba, don babu gidan da ba shi da mutum a cikin ruwan nan.

Wata safiyar Alhamis mota ta tsaya a bakin bukkar Bang Wi. Miji da mata ne daga birnin Bandung mai nisa, matasa, da huluna masu faɗi. Suka ce sun kwana a hanya don su riski wurin da wuri. Ya ɗauko bokiti da jarkar mai. Ya ga jirage duka a ɗaure, babu kowa a bakin kogi, ya ɗauka man fetur ne ya sake yankewa. Ya jiyo lasifika daga tudu, ya ce a ransa ko wani ne ya rasu, zai ji a rumfar Kak. Wayarsa ta mutu tun shekaranjiya. Kwanaki kuwa sun daɗe da zama iri ɗaya a wurinsa.

Ruwa ya kwanta luf ranar, har ana ƙirga tayil. Ya nuna masallaci, ya nuna makaranta, ya kai su kan gidansa, ya faɗi maganarsa, ya yi shiru. Matar ta yi kuka sosai. Da ta share hawaye sai ta buɗe jaka ta fito da furanni a leda.

"Baba, ko za ka yarda mu zuba musu? Da gangan muka zo yau. Shekara ashirin cif, ko ba haka ba?"

Bang Wi ya dube ta. Ya ɗaga kai ya dubi teku, daga wannan tsibiri har wancan, babu jirgi ko ɗaya sai nasa. Can a kan tudu an sauke tuta zuwa rabin sanda alamar makoki, kuma mutane cikin fararen kaya sun fito harabar masallaci sun jeru suna kallon ruwa. Shi suke kallo.

"Zuba," ya ce.

Ya jira wani abu ya taso masa, kunya ko tsoro ko baƙin ciki. Ya ji yunwa kawai, don bai karya ba. Ya ja igiyar inji.

Bayan la'asar aka kira shi zauren masallaci. Dattawa sun zauna a tabarma, Teungku liman yana gefe yana jan carbi, mata sun cika baranda suna leƙe. Pawang Leman ya daɗe yana shafa gemu. Tare suka taso da Bang Wi, kuma ranar ruwa jirginsa ne ya biyo bayan na Bang Wi suka shigo inda gari yake da.

"Wi," ya ce, "ni da kai ba sai an yi doguwar magana ba. Kowa a nan yana da kabarin da zai je ya zauna, ko da na taron mutane ne. Kai naka suna can ƙarƙashin ruwa. In mutum ya ga shekara ashirin ta cika, zuciya ta ja shi ya je ya gaishe da iyalinsa, baƙi suka liƙe masa, wa zai ce ya yi laifi? An ma ga ana zuba fure." Ya juya ga dattawa. "Ko akwai mai cewa?"

"Babu," suka ce. Teungku ya gyaɗa kai.

"To ka faɗa da bakinka. Ziyara ka je?"

Hanya ce aka share masa, har da yayyafa ruwa. Kalma ɗaya zai ce, a shafa fatiha, a kawo masa nama. Kuma gari na so ya faɗa, don kowa zai fi samun barci in haka ne.

"A'a, Pawang. Mantawa na yi."

Wani tsoho ya ce, "Me ya ce?"

"Na manta yau ce. Sai da matar ta faɗa mini."

Babu wanda ya zage shi. Da ma an zage shi da ya fi sauƙi. Mutane suka sunkuyar da kai kamar an tsiraita wani a gabansu. Pawang Leman ya ce kwana bakwai, murya ƙasa ƙasa, ya tashi ya fita bai sa takalminsa daidai ba. Da kansa ya gangara ya ɗaure jirgin, ya tafi da igiyar inji a aljihu.

Kwana biyu Bang Wi bai hau tudu ba. Motoci sun zo, ya ce musu jirgi ba lafiya. Ya wanke bokiti, ya ɗinke wata koma da ba ya amfani da ita. Rana ta uku Saribanun ta aiko a ce masa in bai zo ba za ta sauko da ƙafarta mai ciwo, alhakin a wuyansa.

Ya tarar ta rufe rumfa da rana tsaka, abin da ba ta yi sai ranar sallah. Ta ajiye masa gahawa, ta zauna gabansa.

"Ban kira ka don faɗa ba. Na gaji da faɗa, Wi. Ni ma tsufa nake yi, kaina na yoyo. Yanzu ba ka da baƙi, ba ka da jirgi, ba ka da inda za ka. Ba ni labarin ƙanwata. Bar maganar ɗigon, na yafe. Ko me ka tuna. Yadda take ƙona shinkafa ta ce laifin itace ne. Abin da take ce maka in ka dawo ba kifi. Ko me."

Ya riƙe kofin da hannu biyu. Ya yi ƙoƙari, Allah ya sani ya yi. Ya rufe ido ya nemi ƙofar gidan, ya nemi muryar da ke kiran yara su shigo wanka. Saribanun ta matso, ta ɗora hannu a kan tebur kusa da nasa. Can ya buɗe baki.

"Ranar Lahadi ce," ya ce, "ƙarfe takwas na safe. Ina teku."

"Wi."

"Ruwa ya ɗaga jirgina sau uku ya ajiye, ban san komai ba."

Ba ta sake katse shi ba, don ta ga bai san yadda ake tsayawa a tsakiya ba. Ya kai har koren tayil, har mutum huɗu, sannan ya yi shiru inda ya saba yin shiru. Saribanun ta kifa kai a kan tebur tana kuka, kafaɗunta na rawa. Bang Wi ya zauna yana jira ta gama. Da ta ɗago, ya tura mata ruwan sha.