Akwatin da Ke Kurmancewa

Makon da na fara shara a gidan ruwa, bayan rasuwar maigidana, bayana ya riƙe. Tsintsiyar da aka ba ni gajera ce, ban kuma yi ƙorafi ba, don aikin ma da ƙyar na samu. Wata safiya na zo na tarar an zura mata guntun bututun roba, an ɗaure da waya tamau, tsawonta ya zo mini daidai ƙirji. Mai gadi ya ce Injiniya ne ya ga ina dafe ƙugu. Da na je godiya bai ko ɗago daga abin da yake kwancewa ba, ya ce, "Inna, ai da ma yar da bututun za a yi. Ke kika rufa masa asiri."

Kowa Injiniya yake ce masa, shi kuma cewa yake mai gyara ne kawai. Siriri ne, furfura ta fara masa da wuri, aljihun rigarsa kullum a yage saboda sukundireba. A shagon gyaran rediyon mahaifinsa ya tashi, daga baya ya yi makarantar koyon sana'a. Iyalinsa na can garinsu tare da mahaifiyarsa, tafiyar yini guda, shi kuwa ɗaki ɗaya ya kama a bayan katangar ma'aikata. Na daɗe ban san dalilin da ya sa ba ya nisa da wurin ba.

A ɗakin injuna akwai kabad na ƙarfe, a cikinsa wani ɗan akwati da bai fi tafin hannuna ba, mai koriyar fitila tana ƙiftawa. Shi ke kai magana tsakanin injunan tura ruwa da ɗakin kwamfuta, har zuwa babban ofis da ke son ganin komai daga nesa. Wani lokaci fitilar sai ta tsaya cak. Nan take allon ɗakin kwamfuta zai daskare, injunan kuma, da sun ji ba mai yi musu magana, sai su kashe kansu ɗaya bayan ɗaya.

Na taɓa tambayarsa ko tsufa ne ya kama akwatin.

Ya ce, "Lafiyarsa ƙalau, Inna, ladabi ne ya yi masa yawa. An gina shi ne duk wanda ya yi sallama sai ya amsa. To ki ɗauka mutum dubu sun tsaya a ƙofarki, ba abin da ya kawo su, sallama kawai suke yi ba numfashi. Kina amsa wannan, wancan ya yi. Ɗanki ya zo da maganar gaske, za ki ji shi?"

Na ce ina fa. Na tambaye shi su wane ne masu sallamar.

"Wa ya sani? Ta layin intanet suke zuwa. Wani gwaji yake, wani mugunta, wani ma bai san akwai mu a duniya ba."

Idan akwatin ya kurmance, sai an buɗe kabad an zare wayarsa, a jira ya huce, a mayar, sannan a tada injunan bi da bi. A da ko wane ma'aikaci na iya yi. Sai wani ya zare wayar da ba ita ba, inji guda ya ƙone, Manaja ya kafa dokar cewa makullin kabad a hannun Injiniya kaɗai zai zauna. Injiniya ya rataye shi a wuya da igiyar takalmi. Na ga an kira shi yana tsakiyar cin abinci, na ga an kira shi da kumfar aski a rabin fuska. Mai gadi kan tsokane shi da cewa, "Amarya na kira, Injiniya." Shi kuma ya ce, "Wannan ai ko gaisuwa ba ta iya ba."

Maganin abin ba ɓoyayye ba ne. Kamfanin da ya ƙera akwatin ya aiko da sabuwar manhaja da za ta koya masa ƙyale sallamar banza. Sai dai sa ta na buƙatar a tsayar da injuna yini guda. Manaja ba mugun mutum ba ne, shi ma a gajiye yake, kuma asibiti na kan layin ruwanmu. Ya ce a bari zafi ya wuce. Zafi ya wuce, ya ce a bari masu bincike su zo su tafi. Suka tafi, ya ce babban ofis bai sa hannu ba. Hutun Injiniya kuwa an ɗaure shi da gyaran: ranar da aka gama, ya tafi gida ya ga tsohuwa.

Mahaifiyarsa idonta ya tafi, abin da ya rage mata shi ne waya. Jikokinta sun koya mata inda za ta danna, sai ta yi ta kira. A ɗakin injuna kuwa ƙara ba ta barin a ji komai. Yakan fito ya tarar da kiranta jere, ya zauna a kan dakalin bakin ƙofa ya daɗe yana kallon wayar kafin ya mayar da kiran. Wata rana ya miƙo mini ita zai shiga, ya ce in riƙe masa. Bai jima da shiga ba wayar ta yi ƙara, na ɗaga, ashe tsohuwar ce. Na ce ni ce mai sharar wurin aikinsa, yana ciki. Ta ce to, ai ba wata magana ba ce, tana so ne ta ji an ɗauka. Daga nan muka saba, don duk sa'ad da zai shiga ni yake bar wa wayar. Ta ba ni labarin yadda yana yaro ya kwance agogon bangonsu ya kasa mayarwa, muka yi hirar ciwon gwiwa, muka yi wa mazajenmu addu'a. Ni da ba na doguwar magana da kowa, sai ga ni jingine da tsintsiya har rana ta taso.

A hankali ta fara maimaita labari ɗaya. Matarsa ta faɗa masa tsohuwa ta soma rikita sunayen jikoki, idan zai zo ya zo. Ina goge tagar ofis lokacin da ya shiga wurin Manaja.

"Ranka ya daɗe, ko makullin ne a ba wani, in koya masa."

"Injiniya, idan wani injin ya sake ƙonewa, ni za a kama. Ka ƙara haƙuri, watan gobe."

"Watan jiya ma haka aka ce."

"Na sani. Wallahi na sani."

Sai Injiniya ya zare igiyar daga wuyansa, ya ajiye makullin a kan tebur a hankali, kamar kada ya tashi mai barci, ya yi sallama ya fita.

Bai daɗe da tafiya ba fitilar ta tsaya. Manaja da kansa ya buɗe kabad, ya tsaya yana kallon wayoyi, hannunsa ya ƙi miƙewa, ba kuma wanda ya yarda ya taɓa. Gari ya wuni ba ruwa, asibiti sai da motar tanka aka kai masa ruwa. Washegari mutanen kamfani suka zo, suka ce tunda injuna a tsaye suke ai sai a sa manhajar. Kafin la'asar sun gama. Tun daga ranar fitilar ba ta sake tsayawa ba. Injiniya kuma aka sallame shi saboda barin bakin aiki ba izini, Manaja ya sa hannu idonsa ja.

Ya sami mahaifiyarsa da rai, alhamdulillahi. Na ji ya koma buɗe tsohon shagon mahaifinsa, yana gyaran fanka da dutsen guga. Sai dai ba ta gane shi ba. Ta shafa fuskarsa ta ce baƙo ne, ɗanta yana wurin aiki, a kira mata shi. Yana zaune a gefen tabarmarta take laluben waya tana danna lambarsa, wayar na ƙara a aljihunsa.

Shi ne ya neme ni ta wayar mai gadi. A lokacin ba shi da lambata. Ya tambayi bayana, ya tambayi ko tsintsiyar na nan, na ce tana nan. Ya ce zai sa lambata a madadin tasa a wayar tsohuwa, idan ban ga takura ba.

"Idan ta kira, Inna, ki ɗaga. Ki ce mata ina ciki, zan fito. Ko ba ki da abin faɗa, ki bar ta ta ji an ɗauka."